Dutsen Ambo

Itogon, Yuli 1993

Zuwa ga Manang Conching,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mijinki Manong Berto da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Kin ce zafin bakin teku ya fi karɓar ta, to Allah ya sa haka ne. Busasshen kifin ya iso, mun gode ƙwarai. A takardarki kin ce ƙunshi biyu ne, direban kuwa ɗaya ya miƙo min yana washe baki, na bar shi da Allah.

Mu nan ruwa kullum, gajimare har cikin ɗaki. Kin tambayi jikin Ambo. Ba zan ɓoye miki ba, Manang, tarin yana nan, kuma tun bayan Ista bai ƙara sauka ramin haƙar zinare ba. Likita a Baguio ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya nuna min, ya ce ƙurar dutse ce ta cika huhun, babu maganin da zai fitar da ita. Mijin ƙanwarki sai ya ce, "To likita, duba da kyau ko akwai ɗan zinare a ciki, don a rami dai ban gamu da shi ba." Likitan ya yi dariya, ni kuwa na kasa.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, ranar Lahadi na hau kogon Apong Sabino. Kin tuna shi ai, dogon nan mai kunne ɗaya a toshe, wanda muna 'yan mata ya fara ɗora duwatsu a bayan cocin kan tudu, ana cewa ya taɓu. Rabonki da wurin ya daɗe, ba za ki gane shi ba. Yanzu mutum a tsaye yake shiga, bango ya kewaye, ƙofa mai baka ta yi tsawon Manong Berto ya ɗaga hannu. Ko'ina dutse ne a liƙe da ɗan'uwansa: kore, shuɗi, ja kamar hanta, fari mai tsini kamar haƙoran kare, ga kuma masu ruwan ɗorawar nan da suke ƙyalli ko da kyandir ɗaya aka kunna. Uwa Maryamu, mutum-mutuminta, tana tsaye a tsakiya, fentin hancinta ya goge saboda taɓawar mutane. Duka da hannunsa ya yi su, yana kwaɓa siminti a tsohon daro. Da fushi na hau tudun, amma ina shiga sai na tsinci kaina a durƙushe.

Kin san kuma ko ɗaya bai saya ba, bai tsinta a hanya ba, duka sagaok ne. Yadda Nanang, mahaifiyarmu, take jan mu zuwa bakin rami da buhu in an ji wani ya faɗa kan jijiyar zinare, mai rami ya zuba wa tsofaffi da zawarawa rabonsu ba musu, haka shi ma yake zuwa da nasa buhun. Mu dai niƙawa muke, mu wanke, mu sayi shinkafa. Shi kuwa sai ya kai wa Maryamu ya liƙa a bango. Saboda haka duk namijin da ya taɓa samu a garin nan yana da dutse a kogon, kuma ya san inda yake.

A zaman makokin Pedring, abokin Ambo, maza suka zauna suna shan giyar shinkafa suna ta alfahari. Wannan ya ce nasa yana dama da ƙafar Maryamu, wancan ya ce nasa ne mai ƙyallin nan na saman ƙofa. Aka ce marigayi ma ya bar nasa, har uku. Ambo yana zaune a tsakiyarsu yana juya kofi a hannu, ba wanda ya kalle shi, kuma rashin kallon ya fi kallon ciwo. A hanyar gida ya tsaya yana haki, ya ce min, "Peling, tun kafin a haifi yaranmu nake haƙa, ko sau ɗaya tsohon nan bai tsaya a bakin ramina ba." Ni na san mutumin nan, bai taɓa taka kogon ba, in an yi maganar sai ya ce me zai je ya gani, duwatsun wasu? Ashe abin yana cin sa.

Ba abin da nake so yanzu kamar in ga dutsensa a bangon nan yana da rai. Don haka na zaɓi wani fari mai kyau daga tulin da ke bakin raminsa, na ƙunshe a zane, na ce masa coci zan je.

Na tarar da Apong a tsugune yana wanke duwatsu da tsohon buroshi. Na gaishe shi na ce, "Apong, na kawo wa Maryamu."

Ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Na waye?"

Na ce, "Na Ambo ne."

Ya ce, "Ya samu ne ban ji ba?"

Na ce bai samu ba. Sai ya miƙo min, ya ce, "To mayar. Yarinya, sagaok ba kawowa ake yi ba. Zuwa ake yi a tsaya a bakin rami da buhu, mai rami ya bayar da hannunsa. In na karɓi wannan, gobe kowa ya kwaso min tsakuwar ƙofar gidansa."

Kin san bakina. Na ce masa dutse dai dutse ne, kuma ni ban taɓa jin Maryamu tana sayen zinare ba. Na gaya masa mutumin ba shi da lafiya, na gaya masa abin da likita ya ce. Sai kawai ya juyo min kunnen da ba ya ji, ya ci gaba da wanke-wankensa. Na dire dutsen a bakin ƙofa na ce in ya ga dama ya wurga shi kwari. Na sauko ina kuka kamar yarinya, ni da nake da jikoki.

Ki sa mu a addu'a, kuma kada ki ambaci wannan in kin rubuto, don shi yake fara buɗe takarda. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Peling


Itogon, Satumba 1993

Manang tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Manong Berto da dukan gida. Yaya kuka ji da guguwar? Mun ji a rediyo ruwa ya shiga gidaje a wajenku, hankalina bai kwanta ba sai da direba ya ce ya gan ki a kasuwa kina ciniki da ƙarfinki. Mu kwano biyu ta ɗage mana, ta kwantar da gonar dankali, alade dai yana nan da ransa da cinsa.

Ba sai kin ƙara ɓoye komai a takarda ba, asiri ya tonu. Ashe ranar da na hau, tsohuwa Kulasa tana bayan bango tana jan carbi, kuma kin san Kulasa, bakinta yana addu'a kunnenta yana aiki. Ba da mugunta ta yi ba. Ta zo duba Ambo da 'yan ƙwai a kwano, ta ce masa, "Kai dai ka yi dacen mata, har faɗa ta yi da Apong saboda kai." Ina madafa na ji cokali ya faɗi daga hannuna.

Ya jira har ta tafi. Sannan ya kira ni, ya ce, "Bara kika je yi min?" Na ce ba bara ba ne. Ya ce, "Mutum ya ɗauki dutse ya hau tudu yana roƙo a karɓa, me sunansa? A garin nan mai rami ake roƙo, Peling, ba shi yake roƙo ba. Abu ɗaya da ya rage min ke nan, ban taɓa kai kaina ba." Tari ya sarƙe shi, na kawo ruwa ya ture. Da ya samu numfashi ya ce, "Na rantse, in tsohon nan ya tako nan saboda kukanki, korar sa zan yi, kowa ya ji."

Kin ji inda na kai mu. Da can matsalar ita ce Apong bai zo ba. Yanzu ko ya zo, Ambo zai hana shi, kuma ke kin san abin da ake cewa a kan wanda ya hana tsoho sagaok, marowaci ake kiran sa. Da wannan sunan za a binne shi, ni ce kuma sila. Na so in gyara na ɓata. Kwana da kwanaki ba ya yi min magana sai ta dole, yana zaune a ƙofa lulluɓe da bargo yana kallon gangaren da ramin yake. Ya rame, Manang, agogonsa har gwiwar hannu yake zamewa.

Guguwar ba ta bar kogon ba. Bakan ƙofar ya rufto, rabinsa a ƙasa. Matan coci suka ce a hau a taya kwashewa, na so in noƙe, sai na ga in ban je ba za a ce gaba nake da Maryamu. Allah ya tsare, ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma bangon ya ba ni tausayi. Masu ƙyallin nan duk sun zubar da wani jan ruwa kamar tsatsa, ya bi siminti ya ci shi, in kin taɓa sai ya marmashe. Apong yana zaune a kan baraguzai yana ɗaukar duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan masu su, yawancinsu sun mutu. Na zo da sauran haushinsa a raina, amma da na gan shi a haka sai haushin ya bi ruwa. Shi ma tsoho ne mai abu ɗaya a duniya.

Ban yi masa magana ba, shi ma bai nuna ya san ni ba. Na dai lura dutsen da na dire ba ya bakin ƙofa, na ce a raina ya wurgar ke nan.

Fada, limamin cocinmu, ya zo ranar Juma'a ya shafa wa Ambo man addu'a da ake shafa wa mai jinya in ciwo ya yi tsanani. Ya karɓa ba gardama, wannan ma ya tsorata ni, don da lafiyarsa da sai ya tsokane shi. Ki ci gaba da yi mana addu'a. A shafa min kan jikoki.

Taki,
Peling


Itogon, Oktoba 1993

Zuwa ga Manang Conching, yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Manong Berto da yara, ina fata an gama gyaran gidan kuma ƙafar ta yi sauƙi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, doguwa ce.

Shekaranjiya da hantsi ina shanya sai na hango mutum yana saukowa ta hanyar coci, yana dogara sanda, buhu a kafaɗa. Tsawon kawai na gani na gane. Na yi tunanin in tare shi a hanya in ce ya koma, amma Ambo yana ƙofa, ya riga ni ganin sa. Ya ce, "Ki tsaya inda kike."

Apong bai nufo gida ba. Ya wuce mu ko kallo babu, ya gangara har bakin ramin, ya tsaya, ya buɗe buhu, ya ɗaga murya yadda ake yi, ya ce, "Mai rami! Tsoho ya zo sagaok!"

Ambo ya sha mur. Daga inda yake zaune ya ce, "Matata ce ta aiko ka?" Muryar ba ta kai ba, sai ni na maimaita da ƙarfi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Apong ya ce, "Wace matar? Mai bakin nan da na kora? In don ita ne, ko an ɗauko ni a kujera ba zan zo ba." Ya hauro a hankali ya tsaya a gaban Ambo, ya zaro wani dutse mai ƙyalli daga aljihu, ya murza shi da yatsu, ya zube kamar busasshen tuwo. Ya ce, "Ka san na waye? Na abokinka Pedring ne. Masu arzikin nan duk haka suke, ruwa ya taɓa su sai su ruɓe, su ruɓar da siminti. Su suka kayar min da ƙofa." Sannan ya zaro wani daga buhu, sai ga farin dutsen nan nawa. Ya ce, "Wannan kuwa na bar shi a ruwa duk damina, na buga shi da guduma, ko gezau. Na bi ramukan garin nan a kaina ɗaya bayan ɗaya, kowanne akwai ɗan wani abu a ciki. Naka ne kaɗai, Ambo, babu komai a cikinsa, ko ƙwayar nan. Shi nake so in ɗaure bakan ƙofar da shi."

Na ce shi ke nan, yau za a yi ta. A ce wa mutum a gaban matarsa raminsa babu komai! Na juya na dubi Ambo. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi, na zaci tari ne na ruga, ashe dariya ce. Ya yi ta har hawaye, tarin ya zo ya karɓa, ya lafa, ya koma dariyar. Ya ce, "Tsoho, duk garin nan ba wanda ya taɓa zagi na da kyau irin haka."

Apong ya ce, "Za ka bayar ko in tafi? Ƙafata ciwo take."

Ambo ya ce, "Jira. Mai rami bai shirya ba."

Ya sa na ɗauko masa hular haƙarsa da takalman roba. Na kira maƙwabta biyu suka ɗauke shi da kujerar suka gangara da shi bakin ramin. Ya bar Apong a tsaye da buhu a buɗe, yana nuna duwatsu da sanda yana cewa wannan bai yi ba, wancan yana da tsaga, a juyo masa na ƙasa. Wanda ya zaɓa sai an ɗora masa a cinya, shi kuma ya tura shi cikin buhu da hannunsa. Ni ina gefe ina kallon sa, wuya duk jijiya, hula ta yi masa yawa, amma zaman nan na mai rami ne.

To a nan ne abin da ban zata ba ya faru. Mutane sun ga Apong ya sauko da buhu ya nufi ramin Ambo, kuma a garin nan wannan magana ɗaya yake nufi. Kafin a cika buhun, labari ya zaga cewa Ambo ya faɗa kan jijiya. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida da ƙafarsa ya yi haƙa. Sai ga tsofaffin mata suna gangarowa a jere, kowacce da buhunta, Kulasa a gaba tana cewa, "Ai na faɗa! Na ce Allah ba zai bar bawan nan haka ba!"

Na ce yanzu za su gane, wata ta yi dariya ko ta ja tsaki, ko kuma su yi masa irin sannun nan na tausayi da ya fi zagi, duk abin da ya samu yau ya zube. Na kalli Apong ya ce wani abu, ya juyo min kunnen nan nasa.

Kulasa ta durƙusa ta ɗauki ɗaya daga tulin. Matar da ta tsufa a kan dutsen niƙa, ai ba sai an gaya mata ba. Ta auna shi a tafin hannu, ta lasa, ta ɗaga shi ga rana. Ta kalli buhun Apong, ta kalli Ambo a kujera, ta kalli ƙafafunsa da suke yawo a cikin takalma. Ambo ya buɗe baki zai yi bayani, ta riga shi.

Ta ce, "Au, Ambo, rowa za ka yi mana? Ka cika wa namiji buhu, mu ka bar mu a tsaye? Tun safe ban karya ba na taho." Ta buɗe buhunta a gabansa.

Ambo ya dubi buhun. Ya gyara hula, ya ce, "Ku bi layi. Wadda ta fi tsufa ta fara."

Suka bi layi kuwa, har da musu a kan wadda ta girmi wata. Kowacce ta ɗauki dutsen ta ji nauyinsa ta gane, kuma ba wadda ta nuna. Ya ba kowacce da hannunsa, suna cewa Allah ya ƙara, Allah ya sa ramin ya ɗore, yana amsawa da kai don numfashi ya ƙare masa. Wata ta ce nata ya yi ƙanƙanta, ya ƙara mata. Ni na juya baya na yi ta kuka a cikin zanena, ba na baƙin ciki ba.

Da suka gama, Kulasa ta ɗora nata a ka ta ce, "To Apong, wuce gaba, ai ba gida za mu kai su ba." Haka suka hau tudu a bayansa, tsofaffi da duwatsu, suna hutawa suna zagin nauyin.

Tun ranar bai ƙara tashi daga gado ba, fitar ta karɓi abin da ya rage masa. Amma ya ci ɗan kifinki da shinkafa, kuma yana yi min magana, har ya ce in na ƙara zuwa yi masa bara in riƙa zaɓen dutse mai kyau irin wancan. Jiya na hau na gani, Apong ya kafa katako ya fara jera su a saman ƙofa. Ba sa ƙyalli ko kaɗan. Na dawo na gaya masa, ya sa na faɗa masa sau biyu daidai inda suke.

Ya san ina rubuta miki. Ya ce in gaishe ki, in gaida Manong Berto, kuma in gaya miki kin tsufa kin isa karɓar rabo, saboda haka ki zo da buhunki, mai rami yana bayarwa. Ni kuma ina ƙara miki da nawa: ki zo, Manang, kada ki jira a gama gyaran gida.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Peling